Rasuwar Faifan da Ya Maƙale a Motar Tankari

Da zuciya mai cike taf da baƙin ciki, da kunne guda da har yanzu yake kuka shi kaɗai, Malam Tankari ɗan Maraɗi, direban nan da ke kai 'yan kasuwarmu sarin kaya a birnin Guangzhou, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na unguwar Xiaobei da na unguwar Sanyuanli da waɗanda suka riga suka loda kwantenarsu suka koma gida, rasuwar abokin tafiyarsa, wato faifan kiɗan nan da ya maƙale a rediyon motarsa. Marigayin ya cika ne a farkon watan nan, a garejin wani bakanike ɗan Caina, bayan gajeriyar jinya a hannun sukudireba. An makara da sanarwa, a yi haƙuri. Dalili shi ne ranar da abin ya faru Tankari bai san rashi ya yi ba, har shayi ya saya wa mutane don murna.

An je wajen malami a ji ko ya halatta a nema wa marigayi rahama. Malamin ya dubi Tankari sama da ƙasa, ya ci gaba da cin taliyarsa. Saboda haka a nan za a tsaya ne a kan faɗin alherinsa kawai.

Babu wanda ya san asalin marigayi, ko a wace ƙasa aka buga shi, ko wane mai tsautsayi ne ya tura shi cikin rediyon. Tankari ya same shi ne tare da motar, wata tsohuwar ƙaramar bas fara irin wadda 'yan Caina ke kira motar burodi saboda siffarta. Ranar da ya fara murɗa makulli, kafin inji ya tashi jita ta riga shi: gyaaaw, gyaw-gyaw-gyaaaw. Ganga ta biyo baya, dum-tas, dum-dum-tas, sannan wani tsohon Bature ya buɗe maƙogwaro da murya kamar ana jan ƙyauren langa-langa. Tankari ya danna abin fitar da faifai, ko gezau. Ya murɗa abin rage sauti, abin ya cire ya biyo hannunsa. Ya kai mota gareji, bakanike ya shige ƙarƙashin sitiyari ya daɗe, ya fito yana kaɗa hannu yana cewa meyo, wato babu. Wai tsohon mai motar ya haɗe wayar rediyo da ta esi, na'urar sanyaya mota, wuri guda ya naɗe, idan aka yanke ɗaya, ɗayar ma ta tafi. To duk wanda ya ɗanɗana zafin Guangzhou, inda riga ke mannewa a bayan mutum tun kafin ya gama kulle ɗakinsa, ya san abin da Tankari ya zaɓa. Haka aka zauna tare shekara da shekaru.

An daɗe ba a san abin da tsohon yake yi wa ihu ba. Tankari makarantar Faransanci ya yi, Turancinsa bai wuce na taya kaya ba. Wasu fasinjoji suka ce matarsa ce ta gudu, wasu suka ce ciwon haƙori ne. Sai ranar da Umar Faruƙ, Bakanon nan mai sarin farantan sola, ya shiga motar ya kasa kunne tun daga titin Huanshi Lu har unguwar Tianhe, ya sauka yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce ai wannan dattijo ne a cikin mawaƙan rok, tun kafin a haifi Tankari yake dukan jita. Ya yi waƙar soyayya ya gaji, ya yi ta yaƙi ya gaji, da furfura ta kama shi sai mota ta tsaya masa a rai. Faifan gaba ɗaya wa'azi ne a kan mota: a bar fetur, a koma batir da hasken rana, a tausaya wa iska da itatuwa, duniya ta ɗau zafi kuma hayaƙi ne ya jawo. Akwai ma waƙa guda da yake yi wa wata motar lantarki kirari kamar zai biya sadakinta.

Jama'a, a dubi haƙurin wannan bawa. Duk wa'azin nan daga cikin motar Tankari yake yin sa, motar da idan ta tashi a danja sai masu keken lantarki da ke bayanta sun ja takunkumi sun rufe hanci. Salansa na tari, shi yana gargaɗi. Bai taɓa yin zuciya ya yi shiru ba, bai taɓa sauya magana don ganin idon wani ba, abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa yau, da muryar da ya faɗa. Alhazan da a Kano ko kiran waya mai kiɗa ba sa bari a gidajensu, sun zauna a gabansa sun sha jita tun safe har la'asar. Suna jan carbi da sauri-sauri, suna neman tsari, suna cewa lalura ce. Amma ko mutum ɗaya a cikinsu bai taɓa cewa a kashe esi ba.

Sai dai babban alherin marigayi ba wa'azin ba ne, rufin asiri ne, kuma wanda bai taɓa zuwa sari ba sai an yi masa bayani. Ɗan kasuwa a Guangzhou zai ci abinci kwano ɗaya da kai, ya ara maka caja, ya tashe ka sallar asuba, idan ka kwanta ciwo ya kai ka asibiti ya zauna a kanka. Amma inda yake sayen kayansa, wannan ko ɗan cikinsa sai ya yi hankali. Mutanen da ke zaune kafaɗa da kafaɗa a motar Tankari da safe, su ne shagunansu ke kallon juna a Kantin Kwari ko a babbar kasuwar Maraɗi. Wanda ya san masana'antarka ya gama da cinikinka na baɗi.

To a motar Tankari an samu tsari mai kyau. Da safe kowa ya shigo a bakin Huanshi Lu, a gaisa kafin a murɗa makulli, don bayan nan baki ba shi da amfani. Mota ta tashi, jita ta tashi, sai a riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa baki a kunnen Tankari ya faɗi inda za shi. Shi kuma mutum ne mai tsantseni, ba ya son ya kai mutum inda bai ce ba, sai ya maimaita abin da ya ji tiryan-tiryan, mai shi ya gyaɗa kai ya koma kujerarsa. Na baya sai dai su ga leɓe yana motsi. Daga nan Tankari ya tsara sauka: mai ƙaramin sirri a fara ajiye shi, mai babba a bar shi sai mota ta zama babu kowa.

Da haka sunan Tankari ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Tun daga filin jirgi ake gaya wa sabon zuwa, idan ka sauka nemi Tankari, cikinsa rijiya ne. Kuma a yi wa mutumin adalci, yana da amana har cikin zuciyarsa, kuma ita ce abin da yake taƙama da ita a duniya. Ba shi da shago, ba shi da kwantena, amma idan ya shiga gidan abinci manyan alhazai ne ke matsa masa kujera.

Mai sauka ta ƙarshe kullum ita ce Hajiya Jumai, mai sayar da mayafai a Kantin Kwari. Akwai wani mayafi mai duwatsu a gefe da take kawowa, wanda ko an wanke shi dutsen ba ya zuba, babu bikin da za a yi a Kano ba a gan shi ba, kuma ita kaɗai ta san inda ake yin sa. Da mayafin nan ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi 'ya'yanta suke karatu. Shagon da ke kallon nata kuwa na Alhaji Ilu ne, mutum mai fara'a, mai yawan gaisuwa, wanda ƙarfin jarinsa ya shanye nata ya bar saura. Babu irin neman da bai yi wa masana'antar nan ba. Ya zaga kasuwanni da mayafin a jaka yana nunawa, ana ce masa meyo. Ya taɓa bin Hajiya a tasi, ta shige tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta ɓace masa. Ya kawo wa Tankari kilishi, ya kawo turare, ya kawo shadda mai maiƙo. Tankari ya raba wa fasinja kilishin, ya mayar da sauran, ya ce shi direba ne, ranka ya daɗe, titi kawai yake gani. Alhaji Ilu bai yi fushi ba. Ya ci gaba da shiga motar, kullum a kujerar da ke bayan direba, yana miƙa kunne har wuyansa ya fara karkacewa, kuma abin da yake samu bai taɓa wuce gyaaaw ba.

Rashin lafiyar marigayi ta fara ne da in'ina. Idan an hau gadar sama taya ta daki mahaɗa, sai tsohon ya maƙale a kalma ɗaya, ka-ka-ka-ka, har sai Tankari ya ɗaɗa wa rediyo tafi sannan ya wuce. Amma ba wannan ne ajalinsa ba. Ajalinsa karɓar addu'arsa ce. A hankali garin ya cika da motoci masu koriyar lamba, wato na lantarki, tasi da bas da na gida, suna wucewa sululu kamar ba su taka ƙasa. Abin da tsohon ya shekara yana roƙo ke nan, ga shi an ba shi har ya yi yawa. Motar burodi ta je gwajin hayaƙi na shekara, mai gwajin ya sa na'ura a salansa, ya dubi allo, ya ja da baya ya gyara takunkuminsa. Ta faɗi. Aka yi gyara aka koma, ta sake faɗuwa. Daga nan aka ce sai dai wajen 'yan gwangwan.

Kafin a ja ta, Tankari ya roƙi bakanike ya ciro masa faifan, ba don ƙauna ba, so yake kawai ya ga fuskar wanda ya daɗe yana yi masa ihu. Bakanike ya zura sukudireba ya banƙara. Aka ji ɓas, kuma wannan ne sautin marigayi na ƙarshe. Ya fito gida biyu, fuskarsa ta koɗe, babu suna babu hoto, sai rabin tayar mota da ganye guda kore. Tankari ya jefa shi a aljihu ya ce alhamdu lillahi, kunne zai huta.

Wani abokin hulɗarsa ɗan Caina ya tsaya masa aka samo sabuwar mota ta lantarki, mai kujera bakwai, mai koriyar lamba, da allo a gaba kamar talabijin. Ba ta da salansa, ba ta da ramin sa faifai, esinta kuma yana aiki ba tare da an haɗa wa mutum da jita ba. Irin wadda marigayi ya yi wa kirari ce sak, sai dai bai yi tsawon ran da zai hau ta ba. Tankari ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya yi sabon aski, ya sa farar riga, ya tsaya a bakin Huanshi Lu yana karɓar barka.

Aka shiga, Hajiya Jumai da Alhaji Ilu da Umar Faruƙ da wasu mutum biyu 'yan Yamai. Mota ta tashi ba wanda ya san ta tashi. Ana jin ƙwayar carbin Alhaji Ilu tana bugun 'yar'uwarta, ana jin cikin wani ɗan Yamai yana ƙugi. Aka rasa mai fara matsowa. Hajiya Jumai ba yarinya ba ce, ta ga abin da ake ciki, kuma da a tsohon wuri masana'antar take da ba sai ta ce komai ba. To an yi rashin sa'a a watan nan suka tashi suka koma wani gini, Tankari bai san shi ba. Ta matso, ta kare baki da gefen mayafinta, ta yi raɗa ƙasa-ƙasa. Kunnen da ya shekara yana shan ganga bai kama ba, ta sake faɗa. Tankari ya gyaɗa kai, ya gyara zama, ya yi abin da ya saba yi kowace safiya, da muryar da ya saba yi da ita:

"Garin Foshan, bayan kasuwar kifi, gini mai jar ƙofa, hawa na uku, wajen Madam Liang! Haka ne, Hajiya?"

Gilashi a rufe yake, amma wata tsohuwa mai sharar titi sai da ta waiwayo. An kawo adireshin a nan ne tunda yanzu ba sirrin kowa ba ne.

Carbin Alhaji Ilu ya tsaya. Umar Faruƙ ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa. Shi Tankari yana ta kallon madubi yana jiran Hajiya ta gyaɗa kai, sai da ya ga fuskarta sannan ya ji muryar tasa tana dawo masa daga bayan mota.

"Allah ya saka da alheri, Malam Tankari," in ji Alhaji Ilu, a hankali, cikin ladabi.

Hajiya Jumai ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki jakarta ta ce, "Tsaya nan in sauka."

Kafin mako ya zagayo Alhaji Ilu ya sha shayi da Madam Liang, ya ba da aikin da zai riƙe injinanta har bayan Salla, aka ce wa Hajiya ta ɗan jira. Tankari ya ɗebi dattawa suka je masaukinta ban haƙuri. Ta karɓe su da mutunci, ta ce ta yafe, ta san ba da gangan ya yi ba, amma ita yanzu a gaya mata abin da za ta rataya a shago.

A ranar ne Tankari ya koma ɗakinsa ya zaro gutsattsarin faifan daga aljihu, ya zauna a bakin gado ya yi kuka, kuka na gaske, da shessheƙa. Ba fasinja yake wa ba. Abin da ya ci masa rai shi ne ya gane cewa duk shekarun nan, kowace safiya ta Allah, shela yake yi da sirrin mutane da iyakar ƙarfinsa, tsohon nan ne yake rufa masa asiri. Shi ya sha yabo, shi aka matsa wa kujera, wanda ya yi aikin kuma tafi yake sha a kan gada.

Kada a ce bai nemi magani ba. Ya so ya sayi wani irinsa, amma wanda ba a san sunansa ba ina za a tambaye shi? Umar Faruƙ ma ma'ana ya sani, bai san mai waƙar ba. Tankari ya haɗa waya da allon motar ya saki wani kiɗan jita da ƙarfi, sai alhazan da suka rage suka ce subhanallahi, wancan lalura ce, wannan kuwa ganganci ne, tunda yana kashuwa a kashe. Aka kashe. Labari kuma ya riga ya zaga Xiaobei ya tsallaka Sanyuanli ya hau jirgi ya sauka Kano, har an yi masa sabon suna, Tankari Lasifika.

Marigayi ya rasu ya bar Malam Tankari, wanda yanzu idan zai yi magana sai ya tambayi na kusa ko da ƙarfi yake yi. Ya bar maiɗakin Tankari, Habsatou, can Maraɗi, wadda da idan ta kira ta ji jita ta san maigida yana bakin aiki, yanzu kuwa shiru take ji, sai ta ce wai kai ina kake ne haka. Ya bar mai waƙar da kansa, in yana raye, a wata ƙasa, ba a samu hanyar sanar da shi ba, amma a gaya masa ya ci nasara, iska ta gyaru. Lasifikar ƙofar baya da salansa sun riga shi, suna wajen 'yan gwangwan. Sai kuma sabuwar mota, wadda ba ta san shi ba, ba ta kuma nuna alamar damuwa ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar. Za a ɗauko marigayi daga ɗakin Tankari a Sanyuanli a raka shi bakin lungu, inda ake jera kwandunan shara kala-kala. An ɗan samu saɓani a kan makwancinsa, amma tsohuwar nan mai jan ƙyalle a damtse da ke gadin kwandunan ta duba shi gaba da baya ta yanke hukunci: shuɗin kwando, na kayan da ake narkawa a sake yin wani abu da su. Daga nan za a wuce gidan taliyar Musulman Caina da ke Huanshi Lu a yi zaman makoki, akwai shayi. Ana roƙon masu ta'aziyya su yi ta daga ɓangaren kunnen dama.

Alhaji Ilu ya aiko da uzuri, yana Foshan ana yi masa lodi, amma ya ce zuciyarsa tana tare da iyalan. Hajiya Jumai ma ba za ta samu zuwa ba, tana zagayen neman sabon kaya tare da wani direba ɗan Caina da ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, waya kawai take nuna masa.

Masu zuwa daga nesa su tsaya a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Sanyuanli, Malam Tankari zai zo ya ɗauke su kyauta. Kada kowa ya damu da wurin zama. Kujera bakwai ce, kuma kwanakin nan shi kaɗai yake shiga.